Wanda Ya Sace Sunan Tungar Marke

An sace wa mutanen Tungar Marke sunansu, kuma sai da albasarsu ta fara wari suka sani.

A bazarar 2007 ne. Ƙungiyar manoman albasa ta ƙauyen, can gefen hanyar Malbaza, tana da shafi a intanet wanda wani proje na masu ba da tallafi ya buɗe mata: sunan ƙauyen, da ɗigo, da haruffa biyu na ƙasar Nijar. Wani buro, wato ofis, a Yamai ke riƙe da rajistar irin waɗannan sunaye, shi ke faɗin wane suna na wa ne. Ta wannan shafi fatake daga Abijan da Kwatano suke samun lambar wayar ƙungiya, su yi ciniki kai tsaye ba dillali a tsakani. Da, kamyo, wato babbar motar kaya, har ƙofar magaza, ɗakin ajiyar albasarsu, yake zuwa. A wannan shekara aka cika magaza har rufi, aka zauna jira, ba kamyo, ba waya.

Sai ga wani falke ya sauko daga mota yana kumfar baki, yana neman wanda ya loda masa ruɓaɓɓiyar albasa da sunan Tungar Marke. Aka ce ba a san shi ba. Ya nuna lambar da ya ɗauka a shafinsu. Lambar Najeriya ce, ba ta kowa ba ce a ƙungiya. A bakin titi aka loda masa kaya, in ji shi, mai kayan ma bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Soumaïla, sakataren ƙungiya, ya hau kabu-kabu ya tafi Konni ya buga wa buron Yamai waya. Amsar da ya dawo da ita ce ta ɗaure shi. Suka ce an aiko musu a mayar da sunan hannun wani, an aiko da kod na gaskiya, wato kalmar sirrin da ke buɗe shafin, kuma saƙon ya fito ne daga adireshin wani sibar na Konni, irin shagon da ake biya a zauna gaban ordinata, wato kwamfuta. Su dai sun bi ƙa'ida.

To, wa ke zuwa sibar ɗin nan duk Laraba? Soumaïla.

*

Taron da aka yi a gindin marke ba shari'a ba ne, farauta ce. Mutanen da Soumaïla ya kawo musu kamyo har ƙofa su ne suka fi ɗaga murya. Haka ɗan Adam yake: hannun da ya ba shi tuwo shi yake fara cizo in tuwon ya yanke.

"Kod ɗin nan hwa a bango yake!" Soumaïla yana faɗi. "Ku kunka tilasta mini in rubuta shi cikin magaza!"

"Mun ji," in ji Alhaji Munkaila, shugaban ƙungiya, tsoho mai faɗa a ji. "Wa ad da boko cikinmu in ba kai ba? Jaki ka cin takarda, ba ya karanta ta."

Daga can bayan taro wani ya roƙi a yi sassauci, a kori yaron kawai ba sai an kai ga hukuma ba. Issaka ne, ɗan farin Alhaji, wanda ke dillancin albasa a Konni bayan ya yi zaman Kwatano. Bai taɓa zama inda ubansa yake zaune ba, uban kuma bai taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa ya san ta, kowa yana yaba ta. In zance ya kama dole, Alhaji sai ya ce "na Konni". Jama'a suka yi ta sa wa Issaka albarka saboda taushin zuciya, amma ba a karɓi roƙonsa ba.

Aka yanke cewa ran Juma'a za a miƙa Soumaïla ga jandarma, a kuma karɓe feginsa na fadama, wanda shi kaɗai ne abin da uwarsa ke ci. Kafin nan aka kulle shi a zauren mai gari.

Uwar, Ikilima, ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗaura zane ta tafi Tajaye neman Chindo.

Chindo mai bin sawu ne. In an kora wa mutum shanu, shi ake kira ya bi su har inda suka kwana. Ya saurare ta yana gyaran igiyar takalminsa.

"Inna, ni sawun saniya ni sani. Suna ba shi da kofato."

"Wanda ya ɗauke shi hwa? Tashi ya yi sama?"

Chindo ya dube ta, ya ɗauki sandarsa.

*

Ya fara da zauren mai gari.

"Wa ya san kod ɗin?" ya tambayi Soumaïla.

"Ni da bango, Baba."

Soumaïla ya ba shi labari. Mutanen proje sun tafi sun bar wasiyya cewa a yi komai a fili. Bara sai surutu ya tashi a wajen mai shayi: yaya za a ce abin jama'a yana cikin kan mutum ɗaya? Me yake ɓoyewa? Ya yi bayani har ya gaji cewa wannan mabuɗi ne, mabuɗi kuwa ba a rataye shi a jikin ƙofa. Aka ce girman kai ke damunsa. Alhaji ya sa aka kawo fenti. Iyakar abin da Soumaïla ya iya yi shi ne ya rubuta shi ƙanana, can sama kusa da rufi, inda buhuna ke rufe shi.

"Wa ya hwara surutun?"

"Surutu na da uba, Baba?"

"Yana da shi. Kunya yake ji, shi ya sa ba ya fitowa."

*

Washegari Chindo ya shiga Konni. Sibar ɗin yana kusa da tasha, janareta na kuka a ƙofa, mai shi wata mace ce mai suna Rahinatou, wadda bakinta ya fi janaretan sauri.

"Baba, in sawu kaka biɗa ka makara, na share wurin tun da sahe."

"An ce daga gidanki ɓarawo ya yi magana."

"An ce! Jandarma ma sun zo da an ce." Ta ja masa kujera. "Ka ga waɗannan ordinata duka? Kamfanin da ke ba mu layi lamba guda ya ba mu, ita ce adireshinmu. Duk wanda ya zauna nan, ɗan lakwal mai karatu ne, ɗan duwan na kan iyaka ne, mai neman mata ne, a Yamai lambar nan guda suka gani. Ba su ganin huska."

Chindo ya gyaɗa kai. "Rijiya ce mai hanya ɗaya. Garke goma su sha ruwa, sawu ya hau sawu."

"Allah shi ba ka lada. Ka gane abin da wasu masu hula sunka kasa."

"Wanda ya samu kod ɗin, aikin na daɗewa?"

"Kafin shayi ya huce ya gama. Ya sake lambar waya, ya ce a mai da sunan hannun wane. Shi ke nan." Ta ɗaure fuska. "Amma ka gaya mini, da gaske a bango sunka rubuta shi? Da fenti?"

"Da fenti."

"Innalillahi! Su ɗauki matansu su kai tasha su ce a yi komai a hili mana!"

Chindo ya fito bai samu ɓarawo ba, amma ya samu abu ɗaya: lambar da aka ɗaure Soumaïla da ita ba ta nuna kowa ba. An kulle ɗan mutane a kan shaidar da ba wanda ya tsaya ya tambayi ma'anarta.

*

Da ya koma ƙauye ya tarar ana fitar da albasa daga magaza, domin ruɓa ta fara cin ta daga ƙasa. Mata na tsince mai kyau, ƙuda ya yi baƙi, wari har masallaci. Gumin shekara guda ne ake zubarwa a bola.

Magazar kwaɗo uku gare ta. Mabuɗi ɗaya yana hannun Alhaji, ɗaya hannun Barira ma'aji, ɗaya hannun Hamani mai tsaron kaya. Ba a buɗewa sai su ukun suna tsaye. Da wannan tsari ƙauyen ke yi wa maƙwabta alfahari.

Chindo ya jira aka kwashe buhunan jikin bango. Ga rubutun can sama. Shi bai dubi sama ba, ƙasa ya duba. Ya sa aka kawo ruwa a bokiti ya kwarara a kan daɓe, ya tsuguna yana kallon inda ruwan ya kwanta. A kan simintin akwai sawun ƙafa ba takalmi, marar zurfi, ya taso daga ƙofa da dogon taku. A gindin rubutun kuwa ba diddige, yatsu ne kawai suka nutse. Mutum ne ya yi ɗage yana karanta abin da ke sama. Babban yatsan ƙafar dama ya karkace ya hau kan na kusa da shi.

"Yaushe anka zuba simintin ga?" ya tambayi Hamani.

"Kafin a hwara cire albasa. Munka kulle, munka bar shi shi sha iska."

"Wa ya shiga kafin shi bushe?"

"Ba kowa. Mabuɗina bai taɓa barin wuyana ba."

Yana faɗi, idonsa ya zame ya nufi gidan Alhaji.

Barira tana tankaɗe Chindo ya same ta. Ta amsa gaisuwa da fara'a, da ya kawo zancen mabuɗi sai rariya ta tsaya.

"Mabuɗina bai taɓa barin wuyana ba."

"Ikon Allah. Ke da Hamani malami guda ya koya muku?"

"Malam Chindo, ni mace ce mai 'ya'ya cikin garin ga. Ka tambayi manya."

Ita ma wajen gidan Alhaji ta kalla.

Da la'asar Chindo ya zauna a bakin masallaci inda ake alwala. Alhaji Munkaila ya zo, aka ajiye masa buta, ya cire takalmi. Babban yatsan ƙafar dama a karkace, ya hau kan na kusa da shi.

Ran Chindo ya ɓaci. Tsoho da furfura, ya ci amanar jama'a ya kuma ɗaure maraya a kai! Har ya miƙe zai nufi gidan mai gari, sai ya ga Alhaji na neman tashi ya kasa. Mutum biyu suka kama shi. Ya ja ƙafa ya shiga masallaci, diddigensa bai rabu da ƙasa ba, ya yi sallarsa a zaune kamar yadda ya saba tun da ciwon gwiwa ya kama shi.

Chindo ya koma ya zauna. Wanda ba ya iya ɗaga diddige ba ya ɗage. Sai ya tuna abin da kowane makiyayi ya sani: maraƙi da kofaton uwarsa yake zuwa duniya.

*

Ran Juma'a da hantsi, kafin motar jandarma ta iso, Chindo ya roƙi mai gari a yi zama na ƙarshe a cikin magaza. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo wa Alhaji kujera. Aka fito da Soumaïla, uwarsa na biye. Barira da Hamani suka zauna kamar masu jiran gawa. Issaka ya zo daga Konni gaisuwar Juma'a kamar kullum, ya tsaya waje jikin babur ɗinsa, da takalmi sau-ciki.

"Shigo mana," in ji Chindo.

"Haba, Malam. Ina ni ina shiga inda Baba yake zaune?"

Jama'a suka yi gunagunin yabo. Chindo ya ɗauki bokiti. Ya kwarara ruwa a daɓe, ya nuna musu sawun daga ƙofa har bango.

"Wanga mutum ya shigo ran da magaza take wayam, ba buhu, ba mai gadi. Ya tuɓe takalmi don kar ya ɓata siminti, ya ɗauka ƙafa ta hi takalmi sauƙi. Wayo ya yi mishi yawa. Soumaïla shi ya rubuta kod ɗin da hannunshi, mi za ya kai shi ɗage ya karanta? Kuma ku dubi ƙafarshi."

Aka duba. Yatsun Soumaïla a miƙe suke.

"To ƙafar wa ce?" in ji Alhaji.

"Ranka shi daɗe, dubi taka."

Wurin ya hargitse. Wani ya ce a fitar da mahaukacin nan na Tajaye, wani ya ɗaga sanda. Alhaji ya sunkuya ya dubi yatsansa, ya dubi simintin, fuskarsa ta sauya. Barira ce ta fashe da kuka.

"Alhaji, ka yi mana aikin gafara. Mun rufe har inda muka iyawa. Amma kai ka aiko a ba da mabuɗi, munka ba da."

"Ni? Ni na aika?"

"An ce kana son ka duba aikin magini," in ji Hamani, kansa a ƙasa. "Ni wa ne da zan zo in tambaye ka ko da gaske ne?"

"Kuma da anka ɗaure yaron ga, kunka yi shiru?"

"Mun ɗauka kai ne, Alhaji. Wa ka tona babba?"

Ga amfanin kwaɗo uku ke nan a garin da ba a iya tambayar babba. Uku ne a ido, ɗaya ne a aiki, ɗayan ma a buɗe. Mutum biyu masu sallah biyar sun zauna suna kallo za a kai marar laifi kaso, don kada a ce ba su da ladabi. Wannan ba ladabi ba ne. Tsoro ne ya sa rawani.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Nasa mabuɗin a ƙusa yake rataye a ɗakin uwargidansa, ya kuma san wanda ke shiga ɗakin nan ba sallama.

"Wa ya zo muku da saƙon?"

Barira ta goge ido da bakin mayafi. Ko a nan ba ta iya kama sunan a gabansa ba.

"Na Konni."

Duk aka juya wajen ƙofa. Issaka ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Mata da shirme! Ni da nir roƙa a yi wa yaron ga sassauci?"

"Ka roƙa kar a kai ga hukuma," in ji Ikilima, "don hukuma na tambaya. Tun da kamyo ya daina bi ta hannunka kake hura wuta wajen mai shayi. Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Ni ban ce kowa ba," in ji Chindo. "Siminti ba ya ƙarya, ba ya jin kunya. Alhaji ba ya iya ɗage, takunshi kuma bai kai rabin wanga ba. Mai wagga ƙafa ya gaje ta ne. Wanda ya san ba tashi ba ce, shi tuɓe takalmi shi zo shi taka."

Issaka ya gyara tsayuwa. Sauran mafaka ɗaya gare shi, ya kuwa shige ta.

"Ni dai ban shiga inda ubana yake. Ba a haihe ni da rashin kunya ba."

Ba mai ikon jawo ɗan shugaba da ƙarfi, shi ma ya sani. In Alhaji ya tashi ya fita, zance ya watse, kafin a sake taro babur ya ƙetare iyaka. Daga nesa aka fara jin ƙarar motar jandarma. Soumaïla ya dubi uwarsa.

Alhaji Munkaila ya dafa sandarsa ya ɗago kai. Ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da ba wanda ya taɓa gani ya yi.

"Issaka."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Sunan ya fito daga bakinsa da ƙyar, kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Issaka, da kai nike. Tuɓe takalminka ka shigo."

Ya shigo. Ya bi sawun daga ƙofa, taku ya hau taku, har gindin bango. Yatsan nan karkatacce ya faɗa raminsa kamar tabarya a turmi.

*

Da motar ta tsaya, Alhaji da bakinsa ya nuna wa jandarma wanda za su ɗauka. Bayan sallar Juma'a ya ce a nemo masa mota, shi zai je Yamai da gwiwar tasa ya tsaya gaban masu rajista har a dawo wa ƙauye da sunansa. An dawo da shi, bayan damina ta sauka, lokacin da ba sauran albasar sayarwa.

Soumaïla ya riƙe feginsa. A cikin waɗanda suka yi masa ihu a gindin marke, Alhaji kaɗai ya taka har gidansu ya ba shi haƙuri. Sauran suka ce ƙaddara ce, kamar ƙaddara ce ta sayo fenti.

Chindo na ɗaure buhun geron da Ikilima ta ba shi, sai ya ji ƙarar karce daga magaza. Ya leƙa. Soumaïla ne a kan tsani da guntun ƙarfe, yana kankare bango. Hamani kuma ya kwaɓa siminti a kasko zai shafe sawun.

"Bar shi," in ji Alhaji daga bakin ƙofa. "Rubutun za a goge. Wannan a bar shi nan, kowa ya zo awon albasa shi gani. In anka tambaye ku na wa ne, ku hwaɗi sunan. Ni ma na hwaɗe shi."